Mu Buɗe Ɗakin Karatu Tun Shaidun Bakolori Suna Da Rai

'Yan'uwa manoma, wata shawara nake so in kawo gaban ƙungiyoyinmu na gama kai, ina kuwa roƙo a tauna ta sosai kafin a tofar. Shawarar ita ce, kowace ƙungiya da ke ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ta nemi ɗaki guda ta mai da shi ɗakin karatu na jama'a. Sa'an nan mu keɓe mako guda a kowace shekara, a riƙa karanta tarihinmu kowa yana ji, wanda ba a rubuta ba tukuna kuma a zauna a rubuta shi. Na san wani zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Taki ya yi tsada, gonar nesa ba ta zuwuwa saboda 'yan bindiga, shi kuwa malamin gona ya zo da zancen littafi. To, ku ba ni aron kunne, don ni a ganina zancen nan zancen gona ne.

Bari in fara da inda na samo shawarar. A ƙasar Amurka, kowane watan Fabrairu, ɗakunan karatu na hukuma, watau laburare, sukan cika da taro. Suna kiran watan Watan Tarihin Baƙar Fata. Akan gayyaci tsofaffi su ba da labari, a karanta wa yara littattafai, a baje hotuna da tsofaffin takardu, a nuna fim, galibi kuwa ba a biyan ko kwabo a bakin ƙofa. Wanda ya kafa tushen abin sunansa Carter Woodson. Iyayensa bayi ne da aka 'yanta. Shi kansa haƙar kwal ya yi da ƙuruciya, bai shiga sakandare ba sai da ya kai shekara 20, amma ya yi ta naci har ya sami digirin dakta a jami'ar Harvard a 1912. Da ya duba littattafan makaranta ya ga an tsallake kakanninsa, sai ka ce ba abin da suka taɓa yi a duniya in ban da bauta, sai ya keɓe mako guda a Fabrairun 1926 domin tarihinsu. Makon nan ne ya yi ta girma har ya zama wata guda cur a 1976. Mutanen Ingila su ma suka ɗauka tun 1987, amma su a watan Oktoba suke nasu.

A wannan shekara ta 1926 kuma wani abu ya faru a Harlem, unguwar baƙar fata ta birnin New York. Akwai wani ma'aikacin banki ana ce da shi Arturo Schomburg. Ana ba da labari cewa tun yana yaro a tsibirin Puerto Rico malaminsu ya ce masa baƙar fata ba su da tarihi. Maganar ta tsaya masa a rai. Ya kwashe shekaru yana tsakurar albashinsa yana sayen tsofaffin littattafai da wasiƙu da hotuna, har gidansa ya cika. Laburaren birnin ya saye tarin duka a kan dala 10,000, aka ajiye shi a reshen da ke kan titi na 135. Yau wurin yana ɗauke da sunan Schomburg, abin da ke ciki kuwa ya haura guda miliyan 10. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikatan ɗakin ba su kulle kayan a kabad sun rataya mabuɗi a wuya ba. Da dare akan yi lacca da muhawara, a ɗakin ƙasa matasa suna wasan kwaikwayo, ɗan dako da malamin makaranta suna zama a benci ɗaya.

Akwai abu na uku, shi ne ma ya fi kama da halin da muke ciki. Daga 1936 zuwa 1938 gwamnatin Amurka ta aika marubuta suka bi tsofaffin da aka haifa cikin bauta gida gida, suka rubuta labarin mutum fiye da 2,300 daga bakinsu. An soke bauta a can tun 1865. Ku lissafa ku gani, shekara 70 ke nan da 'yan kai. Waɗanda aka samu da rai yawancinsu yara ne a zamanin bautar. Manyan da suka san yadda aka yi cinikinsu, suka san sunan garin da aka sayar da 'ya'yansu, ƙasa ta riga ta rufe su da labarinsu. An makara ƙwarai, amma ɗan abin da aka tsamo shi ne jikoki suke karantawa a laburare har yau.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a manyan garuruwan Arewa, inda ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Mai karatu ɗaya yakan karanta da ƙarfi, mutum goma suna saurare. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika littattafai cikin akwatuna zuwa waɗannan ɗakuna. Lokacin Yaƙi da Jahilci kuwa har jaridun larduna aka riƙa bugawa, ta lardinmu na Sakkwato sunanta Zaruma. Ashe hanya ce da iyayenmu suka bi, mu muka bar ta ta yi ciyawa. Ga shi kuma an cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2009, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. Yaran da suka yi makaranta a tsakanin nan yanzu su ne magidanta, su ne ke riƙe da garma.

To, wane tarihi ne namu? Ni na ce mu fara da ruwan da muke noman rani da shi.

An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya yi aikin. Tafkin da ya taru a bayanta ya shafe wajen hekta 8,000, ya tashi mutum wajen 13,000 daga gidajensu da fadamunsu a ƙasar Maradun. Aka mai da su kan tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar wadda suka bari ba. A ƙasan madatsar kuma, inda aka shirya shimfiɗa hanyoyin ruwa, aka karɓi gonakin dubban manoma domin a baje su. Katafila ta bi ta kan komai. Ɗorawa da kuka da tsamiya suka faɗi, kunyoyi da ciyawar gamba da ke raba gonar wane da ta wane suka ɓace. Wasu suka yi damina biyu ko uku ba su shuka ba. Da aka zo mayar da gonaki, ina shaidar da za a kama? Wani ya sami wadda ba tasa ba, wani ya sami ragi, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Mutanen fadamun da ke can gaba, waɗanda shinkafarsu da kifinsu suka dogara ga ambaliyar kowace shekara, su kuma ruwan ya rage zuwa musu.

Manoma suka kai kuka, suka tare hanyoyi, suka tsai da aiki. A watan Nuwamba na 1979 Gwamnan Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa, ya yi musu alkawarin za a duba kokensu. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Wasu da suka bi diddigin abin suka ce 386 ne. Ku dubi tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu. Kowane ɗaya da ke cikin tazarar mutum ne mai suna, mai gona, mai 'ya'ya.

An yi rubutu a kan Bakolori, kada a ce ba a yi ba. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara takardu a kan abin a cikin wani littafi a 1982. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Björn Beckman, ya yi dogon sharhi a 1985. Haka tarihin tsohuwar daular Zamfara, wani Bajamushe ne, Kurt Krieger, ya buga shi a 1959, da Jamusanci. Allah ya saka musu, da ba su yi ba da asarar ta fi haka. Amma fa duk wannan da harshen wasu yake, a kan kantocin jami'o'i, a Zariya da Turai. Jikan wanda aka harbe a Birnin Tudu yana iya gama sakandare bai taɓa ganin shafi ɗaya daga ciki ba. Kuma masani, komai ƙoƙarinsa, baƙo ne. Bai san wace tsamiya ce ta raba gonar gidan sarkin noma da ta gidan maƙera ba. Wanda ya sani yana nan zaune a zaurenmu. Saurayin da ke da shekara 20 a 1980 yanzu ya ba 60 baya. Masu gonakin na lokacin, waɗanda aka yi awon a gabansu, saura ɗaiɗai. In muka jira shekara 70 kamar mutanen Amurka, mu ma waɗanda suke goye a lokacin kaɗai za mu tarar.

Yanzu ga inda zancen ya taɓa rumbunmu kai tsaye. Abin da katafila ta yi a wancan zamani, shi rashin tsaro yake yi a wannan. Kowa ya san ƙauyukan da suka watse a ƙananan hukumomin nan uku. A cikin 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, an kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Mutane sun bar gonakin da suka gada sun koma cikin gari suna raɓe a gidajen dangi. Gonar da ta yi shekara biyar ba a taɓa ta ba, sabara da geza sun cinye iyakarta. Dattijon da ya san iyakar kuwa yana iya rasuwa a inda ya yi gudun hijira. Ran da Allah ya kawo sauƙi aka koma, wa zai raba gardama? Mun ga yadda rikicin gona yake raba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Mun kuma san wanda yakan ci riba in shaida ta ɓace: mai kuɗi da mai hanya a ofis. Takardar da ƙungiya ta rubuta ba takardar mallaka ta hukuma ba ce, wannan gaskiya ne. Amma in aka rubuta ta a gaban mai unguwa da maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka sa kwanan wata, to ba alƙalin da zai yar da ita ya kama zancen wanda ya zo hannu rabbana. Tun da Bankin Duniya ya sa kuɗi a gyaran Bakolori a ƙarƙashin shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014, kun ga yadda komai ya koma rajista da suna da lambar fili. Zamanin da za a ce "kowa ya sani" ya wuce.

Saboda haka aikin farko na ɗakin karatun shi ne ajiya. A sami akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da laima. A sayi manyan littattafan rubutu masu bango mai kauri. Ɗaya na iyakokin gonaki. Ɗaya na labarin tsofaffi, a rubuta shi yadda suka faɗa, kada a gyara musu Hausa, Zamfarancinsu ma tarihi ne. Ɗaya kuma na noma zalla: wace shekara ruwa ya sauka da wuri, wace shekara gulbi ya yi ɓarna, wace shekara fari ko jan baki suka zo, wane irin dawa ne ya jure fari, kaura ko farafara, wace tsohuwar shinkafa ce take bin ruwa tana tsawo in fadama ta cika. Wannan littafi na uku, ni malamin gona, na fi kowa kwaɗayinsa, domin iri da yawa sun ɓace tare da sunayensu. Kuma kada a tsaya ga maza. Tsohuwa ta san abin da aka ci a shekarar yunwa, ta san ganyen da ya ceci yara, ta san kayan ɗakin da aka bari a tsohon gari ran da ruwa ya taso. A ƙasar Zazzau wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da tsohuwa guda, Baba ta Karo, a 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, har yau masana ba su daina komawa gare shi ba. Irin Baba nawa muke da su a gidajenmu?

Aiki na biyu shi ne taro, don ɗakin da ba a taruwa a cikinsa rumbun ɓeraye ne. A makon tarihi, kowace yamma a shimfiɗa tabarmi a karanta abu ɗaya, a bar jama'a su tofa albarkacin bakinsu. Abin karantawa ba zai ƙare ba. Ga Birnin Zamfara da yadda Gobirawa suka ci shi a zamanin Babari, cikin ƙarni na 18. Ga 'Yandoto, garin malamai na kusa da Tsafe. Ga Faru a nan ƙasar Maradun, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa tun kafin jihadi. Yaro ya tambayi dalilin da ya sa ake ce wa sarkin Bakura Sarkin Burmi, na Maradun Sarkin Kaya, a sami dattijo ya ba shi amsa. A kuma ware dare ɗaya ko biyu domin danginmu na ƙetaren teku, don tarihin baƙar fata namu ne mu ma. Hausawa da yawa aka sayar zuwa Barazil, har a 1807 aka gano shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador. Mai noman shinkafa zai so ya ji cewa masu manyan gonaki a Karolina ta Amurka sun fi neman bayi daga ƙasashen shinkafa na Afirka ta Yamma, saboda su suka san sarrafa ruwan fadama. Zai kuma so labarin George Washington Carver, wanda aka haifa bawa, ya zama malamin gona a makarantar Tuskegee daga 1896. Ya tarar auduga ta tsotse ƙasar talakawa, sai ya koya musu juya shuka da gyaɗa da wake da dankali. A 1906 har keken doki aka haɗa masa, cike da kayan gwaji, ana bin manoma da shi ƙauye ƙauye. Abin da muke faɗa muku kullum game da wake a bayan dawa, ga wanda ya riga mu faɗa.

Za a ce yawancin membobinmu ba su iya karatu ba. Ai shi ya sa na ce a karanta da ƙarfi. Mai karatu ɗaya ya isa zaure guda, kuma wanda bai iya boko ba sau da yawa ya iya ajami, a bar shi ya rubuta da abin da ya iya. Za a ce kuma yanzu komai yana cikin waya. Waya tana da amfani, a ɗauki muryar tsofaffi da ita, a ɗauki hoton kowane shafi. Amma ku tuna da watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya, muka yi makonni ba kira ba saƙo. Waya takan faɗa ruwa, akan ƙwace ta a hanya. Kuma labarin tsamiyar gidan maƙera ba ya cikin intanet sai ran da wani daga cikinmu ya sa shi. A yi kwafi biyu na kowane littafi, ɗaya a ƙauye, ɗaya a cikin gari wurin wanda aka amince da shi.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa tone-tone ba shi da kyau, a bar kaza cikin gashinta. Ban raina wannan magana ba. A ƙasar da jini bai bushe ba, alƙalami yana iya zama makami. Don haka sai da ƙa'ida. Ba a rubuta labarin kowa sai da yardarsa, a kuma karanta masa abin da aka rubuta ya ce haka ne. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Abin da ya shafi rikicin da ake ciki yanzu, wane ya kai rahoton wane, wane ya biya wane, wannan ba na littafinmu ba ne, kada sakatare ya jawo wa kansa da wasu bala'i. Amma abin da ya faru a 1980 ba ya cikin wannan. Waɗanda abin ya shafa ba su manta ba, shiru kawai suka yi, kuma yaron da bai ji labari daga bakin kakansa ba zai ji shi daga bakin mai son zuga shi.

Abu ɗaya kuma nake so mu yarda da shi tun yanzu. Ko da yake ƙungiyoyinmu na ikilisiya ne za su ɗauki ɗawainiyar farko, ɗakin na jama'a ne, kada a sa shi inda maƙwabcinmu Musulmi zai ji nauyin shiga. A nemi shago a bakin kasuwa, ko aji ɗaya a makarantar firamare da izinin hukuma, ko zauren da mai gari ya ba da. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, yawancin tsofaffin da za a yi hira da su ba 'yan ƙungiyarmu ba ne, ruwan tafkin kuwa da ya taso bai tambayi kowa addininsa ba. Bafulatanin da aka toshe wa burtali da mashaya lokacin da aka shimfiɗa hanyoyin ruwa, shi ma yana da shafinsa. Haka masunci. In aka rubuta na manomi kaɗai, rabin labari aka rubuta. A kai gaisuwa wurin hakimi kafin a fara, a gaya masa abin da ake nufi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da na kwalejin Bakura, 'ya'yanmu ne, a roƙe su su taya mu rubutu lokacin hutu. In abin ya yi kauri, sai a kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, inda aka iya adana takarda.

Game da lokaci, ni ina ganin makon ƙarshe na Afrilu ya fi dacewa. Ruwa bai sauka ba, sharar gona ce kawai, dare kuma ba ya kwantuwa a ɗaka saboda zafi, ko ba a kira taro ba mutane suna waje. Ga shi kuma ya yi daidai da kwanakin Birnin Tudu. Kuɗin akwati da littattafai da fitila mai aiki da hasken rana, in kowane memba ya ba da mudu ɗaya na shinkafa a kakar bana, za a fara. Ina roƙon sakatarorin ƙungiyoyi, kowa ya zo taron wata mai zuwa da sunayen tsofaffi uku na yankinsa, a cikinsu lalle a sami mace. Wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, da shi za a fara, tun kafin a sami ɗakin.